Ƙarfe Ɗaya da Kwata, a Brno

Ni mai gyaran agogo ne, a hawa na huɗu,
inda taragon lantarki ke kuka tun kafin asuba.
Maƙwabciyata Zdenka ce ke tuƙa ɗaya daga ciki,
ta dawo tsakar dare da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
ba mai jiran ta a gida
sai maciji ɗaya cikin akwatin gilashi.

Knoflik take kiransa, wato maɓalli.
Bai fi kamu ɗaya ba,
hanci a ɗage kamar bakin ƙaramin felu.
In ya tsorata sai ya juya ciki sama,
ya wage baki, ya saki harshe, ya yi mushen ƙarya.
Ka kife shi daidai, ya sake birkicewa,
wai shi lallai ya mutu.
Mun sha dariya a kan wannan.

"Dafinsa na kama kwaɗi ne," in ji ta,
"haƙoran ma can ƙuryar baki suke,
sai ya tauna, ya tauna, kafin su taɓa ka.
Bara ya kama ni, ƙaiƙayi kawai, kamar na sauro."
Na ce to. Ni agogo na sani.

Daren Talata ta narkar da ɓera daga firinji,
gajiya ta mantar da ita hantsaki, ta miƙa da hannu.
Shi kuwa da harshe yake gani.
Yatsa ya yi warin ɓera, yatsa ya zama ɓera.
Ya kama. Ta ƙi fizgewa, kada ta karya masa haƙori,
ta tsaya tana lallashi, yana tauna,
minti biyu, ko uku.

Ƙarfe ɗaya da kwata ta buga min ƙofa.
Hannu kamar an hura safar roba,
borin jini ya haura wuya, taswira ja a kan fata,
zoben mahaifiyarta ya nutse cikin nama.
Na kira motar asibiti.
Na ɗauko ƙaramin almakashina na yankan ƙarfe,
na datse zinariyar, hannuna na rawa,
hannun da bai taɓa rawa a cikin agogo ba.
Leɓɓanta suka yi nauyi.
Numfashi ya koma fito, siriri,
kamar iska a ramin makulli.

Minti tara suka yi a hanya.
Shekara arba'in ina gyaran lokaci,
sai ran nan na san tsawon minti tara.

Allura a cinya, ta cikin wando.
Iska ta koma gidanta.

Da safe likita Vondrak ya ce,
"Dafin kaɗan ne, bai isa ya kayar da ke ba.
Jikinki ne ya riƙe shi a rai tun bara,
da ya sake jin sallamarsa sai ya tayar da yaƙi,
ya nemi ƙone gida don korar baƙo ɗaya.
Na gaba zai iya fin wannan sauri."
Ɗan hakin da ka raina, na ce a zuci,
amma ban ƙarasa ba, ta riga ta ji a idonta.

Ta yi sati tana auna rabuwa da shi.
Ba ta rabu ba.
Yanzu hantsaki mai tsawo na rataye a jikin gilashi,
safar fata, sabulu,
da allurar gaggawa a aljihun rigar aiki.
Ranar ciyarwa sai ta ƙwanƙwasa bango sau biyu
don in san in zauna kusa da ƙofa.

Zoben na like shi da kaina.
Akwai ɗan tabo, sai ka karkata shi ga fitila.

Jiya Knoflik ya sake juya ciki sama,
harshe a waje, gwanin ban tausayi.
Na soma dariya, na ga ita ba ta yi.
Ta sunkuya kusa da gilashi, ta ce,
"Tashi, malam. Ni na leƙa ta gasken.
Ba haka take ba."