Kunnen Hagu

Mai gabatarwa ya karanto ni kafin in zauna:
Malam Sadisu Issaka, digiri daga Winneba,
shekara talatin da ɗaya yana koyar da kiɗa,
Wa, Salaga, sannan Asawase,
alƙalin gasa sau goma sha huɗu.
Aka tafa. Na ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

Mu uku ne a teburin.
Madam Frimpomaa a damata,
ita ke riƙe da mawaƙan coci a Bantama
tun ba a haifi yaran nan ba.
Tana tsince murya ɗaya da ta kauce cikin sittin
yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa.
Mista Tenkorang a haguna,
ya yi karatu a ƙetare, ya dawo da siririyar sanda
da al'adar rufe ido in abu ya ratsa shi.
Ni a tsakiya, kaina a karkace.
Suna zaton natsuwa ce.

Ba a karanta musu ba
cewa ubana makaɗin mahauta ne a Aboabo,
kalangu a hammata tun asuba har a gama fiɗa.
Ranar da na kai masa takardar shaida
ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce, "Ba ta da amo."
Na nuna masa layuka biyar da baƙaƙen ɗigogi,
ya ce, "Tsuntsaye a kan wayar lantarki.
Tafa musu su tashi,
a nan kiɗan yake."

Ba a karanta musu ba kuma
cewa kunnen hagu ya riga ni yin ritaya.
Da kukan gyare ya fara, shekara uku ke nan,
yanzu shago ne da aka garƙame.
Likita ya ce jijiya ce.
Matata kaɗai ta sani,
ita ma don ta gaji da kirana ta wancan gefen.

Makaranta ta tara ta hau dandali.
Riga ruwan ɗorawa, sarewar gora shida, ganga biyu,
da wata yarinya da kalangu ya fi ƙarfin hammatarta.
Sun tafi daidai har tsakiya,
sai ta saki abin da aka koya mata,
ta matse tsarkiya,
fatar ta yi magana.
Madam ta ɗaga biro.
Mista ya rufe ido, ya yi sauri ya buɗe.
Ni na kifa tafina a kan tebur,
katako ya kawo mini abin da kunne ya yar:
kirarin mai wuƙa ne,
irin wanda ban ƙara ji ba tun da muka dawo daga maƙabartar Tafo.

Takardar maki gida huɗu gare ta:
daidaiton sauti, lokaci, haɗin kai, shiga.
Na duba baya, ko akwai na biyar. Fari fat.
Na ba su sha ɗaya cikin ashirin a haɗin kai,
don gaskiya ce, ta bar 'yan uwanta a hanya,
kuma ba don in so aka ba ni kujerar ba.
Suka zo na huɗu.
Hannuna bai yi rawa ba, na sa hannu.

A waje ana yayyafi.
Na same ta jikin motar makaranta
tana cin shinkafa da wake a ganye,
kalangun lulluɓe da ɗankwalinta.
Na ce, "Wa ya koya miki wancan?"
Ta haɗiye, ta goge baki, ta faɗi sunan.

Ta haguna ta tsaya.

Kafin in juyo da dukan jikina
direba ya danna ham,
malamarsu na ƙirga kawuna.