Kwalabe Uku a Tulun Ƙarfe

Ƙarfe goman dare a birnin Vitoriya,
teku na ta tari a bayan taga.
Dalvina ta zare awarwaronta ta ajiye,
ta jera kwalabe uku, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba.

Yisti ne a ciki, shi ɗin dai na masu burodi,
irin wanda uwarta Zuleide ke barbaɗa wa ƙullu
ta lulluɓe da tsumma kamar mai jego.

Ta farko ta kwana a ƙanƙara.
Ta biyu ta wuni a ɗumin da take so, ba abin da ya dame ta.
Ta uku kuwa an gasa mata aya a hannu:
awa guda cikin ruwa mai zafin zazzaɓi,
ba ta mutu ba, ba ta kuma ji daɗi ba.

Tulun ƙarfe ya haɗiye su. Aka ɗaure murfi.
Allura ta hau, ta hau,
ta wuce nauyin ruwan da ke kan kifin ƙarshen teku,
ta ninka shi.
Ba ƙara, ba kuka.
Wa zai ji ihun abin da dubunsa ke zama a tsinin allura?

Dalvina ta sha kofi mai ɗaci, tana duban agogo.

Bayan kwana biyu ta buɗe faranti.
'Yan ƙanƙara, sanyi ya riga ya sandarar da fatarsu,
matsi ya zo ya tarar da ƙofa a tsage.
Ta ƙirga bakwai. Ta sake ƙirgawa. Bakwai.
'Yan gata sun fi haka, amma da kaɗan.

Na ukun ne suka cika faranti fal,
ɗigo-ɗigo farare kamar an watsa gero.
Ashe da zafin ya taɓa su
sai suka hau tara sukari a ciki,
suka tashi masu ɗinki su tsare duk abin da zai warware.
Gemun da ya taɓa jin wuta
ba a koya masa neman ruwa.

Ba ta rubuta wannan a littafin aiki ba.
Lamba ta sa, da kwanan wata.

Da asuba ta biya gidan burodi.
Zuleide na danna ƙullu da duk nauyin kafaɗunta,
hannuwan nan masu tabon tanda.
Ƙullun ya lotsa,
ya yi jim,
ya taso.