Mai Sauraren Ƙasa

A ɗakina na sama, kan wani tudu a Valparaíso,
inda taga ke leƙen jiragen ruwa a tasha,
na haɗa ɗan allo, bai kai tsawon yatsana ba,
don ya riƙa jin motsin ƙasa kafin ƙafata ta ji,
mu da ƙasarmu ba ta iya kwana ba juyi.

Na soka masa wayar USB, kwamfuta ta yi ƙara:
ta gan shi.
Ban kai kofin shayi baki ba ta sake ƙara:
ya tafi.
Baƙon da ya yi sallama, kafin a amsa ya juya.

Na fara da waya, don ita ce marar gata.
Na zaro wata daga aljihun tebur,
ashe ta caji ce kawai, ba ta kai saƙo,
fitila ta kama, kwamfuta ta yi gum da bakinta.
Ta uku na aro wurin Ximena mai gasa burodi a ƙasa,
ta ce in mayar kafin jikanta ya taso makaranta.

Na canja kafa, daga ta gaba zuwa ta baya.
Na cire mahaɗar nan mai baki huɗu da na saya a arha.
Na goge direba, na sake zuba shi.
Na hana kwamfuta gyangyaɗin da take sa wa kafofinta.
Minti tara lafiya lau,
har na fara yi wa kaina kirari.
Sai ƙarar nan.

Ciwon da ya kwantar da kai ya fi sauƙin magani.
Wanda ke ɓuya ranar ganin likita,
shi ke cin rai.

Shekara talatin na yi ina rubuta kaya a kwastan,
ban iya komai ba sai cika takarda.
Na ɗauko fensir, duk ya tafi in duba agogo:
huɗu da goma.
Huɗu da sha tara.
Huɗu da rabi da minti ɗaya.
Ina rubuta na bakwai sai cokali ya yi rawa a faranti.
Na ɗaga kai.
Tsohon taragon nan mai hawa tudu da igiyar ƙarfe
yana wucewa bayan katangata,
ɗauke da mata biyu da buhun albasa.

Na jira na gaba. Ya zo, cokali ya kaɗa,
kwamfuta ta yi ƙara.
Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni.

Na kifa allon ƙarƙashin gilashin ƙara gani.
Can gindin soket, a ƙafa ta biyu,
dalma ta tsage,
tsagar da silin gashi ya fi ta kauri.
In gida ya natsu sai ta haɗe baki,
in tarago ya wuce sai ta buɗe.
Kwana huɗu ina zargin waya, ina zagin manhaja,
mai laifi na kwance a hannuna yana kallona.

Na hura ƙarfen narka dalma.
Hannuna na rawa, ba tarago ba ne, shekaru ne.
Na dafe gwiwar hannu da littattafai biyu,
na riƙe numfashi,
ɗigo ɗaya, hayaƙi siriri, ƙanshin ƙaro.

Tarago ya hau, ya sauka, ya sake hawa.
Shiru.
A fuskar kwamfuta layi ya yi ɗan tsalle kowace wucewa,
yana rubuta abin da dā yake kashe shi.

Na sauka da wayar Ximena, an riga an rufe tanda.
Ta ce, Eleuterio, yaron ya yi fushi ya yi barci.
Ta miƙo min burodi ɗaya da ya rage, ya huce.

Ƙarfe uku na dare, taragon na hutawa,
karnukan tudu suka fara haushi tare.
Ban ji komai a gado ba.
Da safe na duba:
layin ya tashi sau ɗaya, ya koma ya kwanta.