Laraba a Kan Suri

A firamaren Anka muke kwana,
aji uku, mu goma sha tara.
Korona ta kori 'yan makaranta,
mu kuma bindiga ta koro mu.
Har yau allon bango na riƙe da lissafin da ba a ƙarasa ba.

An ce a bar tazara tsakanin mutum da mutum.
Na dubi tabarmarmu, na yi dariya.
An ce a wanke hannu da sabulu.
To ido fa, da me ake wanke abin da ya gani?

Ran Laraba, bayan la'asar,
nakan ari wayar Ɗan'ige mai caji,
in hau surin da ke bayan famfo,
nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya.
Malama Saratu ce, daga Gusau.
Ban san fuskarta ba.
Na san tarinta, na san carar zakaranta,
na san yadda take yin shiru
har maganata ta nuna, ta faɗo da kanta.

"Kin runtsa?"
Na ce kaɗan.
"Mafarkin fa?"
Na ce rumbun dai yana nan yana ci,
baban Labbo kuma bai gama sa takalminsa ba.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Haƙuri kam an ba ni, ya fi mudun gero yawa.
Cewa ta yi in ja numfashi, ta ja tare da ni,
ita can, ni nan, kamar masu daka a turmi ɗaya.

Labbo shekararsa bakwai.
Tun daren baburan bai ce uffan ba.
In ɗan kabu-kabu ya gifta, sai ƙarƙashin benci.
Ta ce in kara masa wayar a kunne.
"Faɗa mini abu biyar da kake gani."
Shiru.
Laraba uku muna sayen shiru da kuɗin kati.

A ta huɗu ya kafa wa katanga ido,
ya ce, "Ƙadangare."
Sai sabis ya ɗauke.

Na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na juya yamma.
Ban san ko ta ji ba.

Na sauko da kalmar a hankali,
kamar garwashin da aka ɗebo a maƙwabta,
ina kare ta da tafin hannu.

Saura huɗu.
Allah ya kai mu Laraba.