Kujera Ta Arba'in da Bakwai

Awa biyar a motar dare daga Rosariyo,
na sauka La Plata wuyana a sandare,
kuɗin gyaran birki biyu na cikin safata.

Tagar baƙi a rufe. An liƙa takarda:
yau ba tikiti ga wanda ya zo daga waje.
Na karanta sau uku, ko rubutun zai sake shawara.

Sai na bi layin 'yan gida.
Wani mai tumbi a gabana yana zagin golanmu
tun daga kan kakarsa,
ni kuwa ina gyaɗa kai.
Har "gaskiyarka" na ce masa. A yafe mini.

Nelida, haka aka rubuta a ƙirjin mai sayarwa.
Ta leƙo ni ta saman tabarau: "Wace unguwa?"
Na faɗi sunan titin da na gani a jikin bas.
"Ka san mai gidan burodin kan kwana ke nan."
Na ce burodinsa ba shi da na biyu.
Ta ƙirga kuɗina a hankali,
ta turo tikitin ta ƙarƙashin gilashi.
"Ba gidan burodi a titin nan.
Zuge rigarka har wuya."

Ƙarƙashin rigar akwai ƙyallen wuyan babana,
kore da fari, ya koɗe,
shekara uku bai fita kallo ba tun da mai shi ya kwanta dama.

Kujera ta arba'in da bakwai, tsakiyar maƙiya.
Suka yi waƙa, na motsa leɓe.
Suka yi tsaki, na taya su tsaki.

Minti na saba'in da ɗaya
yaronmu mai lamba tara ya sa kai, raga ta motsa.
Ihu ya taso mini daga cibiya,
ya zo maƙogwaro,
na haɗiye shi kamar ƙayar kifi.
Filin ya yi tsit, har ana jin mai gyaɗa yana ba da canji.

Tsohon da ke gefena, Fermin suke kiransa,
ya ɗora tafinsa a gwiwata.
"Fuskarka ta iya ƙarya, ɗana,
amma ƙafar nan za ta tona ka."
Bai ɗauke hannun ba sai da rawar ta tsaya.

Da suka rama ana dab da tashi
shi ya ja ni tsaye, ya ɗaga hannuna sama da nasa,
na yi murnar abin da ya ƙona ni.

Sai da bas ta wuce shingen karɓar kuɗin hanya
na zuge rigar, na buɗe taga,
na saki ihun nan cikin gonakin masara,
ya makara da awa biyu.
Direba ya taka birki.
Wata mata a baya ta farka tana tambayar wa ya mutu.