Bargon Faci Mai Aljihu

Sanyin Saskatchewan ba ya sallama.
Tun Nuwamba ya toshe hanyar gona,
ya bar ni da almakashi, da gwangwanin allurai,
da rigunan Kornelius goma sha ɗaya
da na shekara biyu ban buɗe akwatinsu ba.

Ta farko ce ta ba ni wuya:
shuɗiya, ta zuwa coci, wuyanta ya sha guga har yana sheƙi.
Na ɗora almakashi, na ɗauke.
Na haɗa shayi, ya huce.
Da na yanka, ƙarar ba ta kai ta yaga takarda ba.
Ashe iyakar abin da nake tsoro ke nan.

Ƙyalle ɗari huɗu da tamanin, kowanne faɗin tafin hannu.
Na jera su a tsakar falo
yadda gonaki ke kwanciya in ka hango su daga tudu:
nan alkama, nan ƙasar da aka bari ta huta,
nan ja, rigar da ke jikinsa ranar da tarakta ta kafe a laka.

Duk Laraba Hildi da Aganetha sukan zo,
mu kewaye katakon ɗinki, kowa da gefenta.
Ɗinkin Hildi ƙanana, kamar an jera riɗi.
Nawa kuwa, tun da gaɓoɓi suka kumbura,
tangaɗi yake yi.
Aganetha ta ce a warware.
Na ce a bari, mai saye ya san hannu ne ya bi ta nan.

Aljihu ɗaya na ƙyale yadda yake,
na rigar aiki, bakinsa a yage.
Na zura yatsa, na taɓo ƙwayar alkama biyu.
Na mayar da su.

Asibitin garinmu na neman na'urar wankin ƙoda.
Ni ba sai an gaya mini nisan Saskatoon ba:
awa uku zuwa, awa uku dawowa, sau uku a mako,
shi yana barci jingine da taga,
ni ina ƙirga turakun waya.

Ranar gwanjo zauren gari ya cika maƙil,
ƙamshin kofi, jiƙaƙƙun takalma a bakin ƙofa.
An sayar da maraƙi, an sayar da kek, da tsohon agogon bango,
sannan samari biyu suka hau kujeru suka warware shi.
Sai ga mijina gaba ɗayansa
rataye a gaban jama'a.

Delbert mai gwanjo, harshe kamar ruwa a kan kwano:
dala ɗari uku, wa zai ƙara, huɗu, biyar!
Matar likita ta taya.
Wata baƙuwa daga Regina ta ɗora.
Can baya, kusa da buhunan dankali, wani hannu ya tashi,
bai kuma sauka ba.

Isbrand Teichroeb.
Shekara ashirin da shida ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Kornelius ba
saboda shinge, saboda taku huɗu na ƙasa.
Ko jana'iza bai zo ba.

Dubu biyu da ɗari uku. Guduma ta sauka.

Ya same ni ina neman safar hannuna,
bargon a hammatarsa, hula a hannu,
idonsa a kan igiyar takalminsa.
Ya ce, "Aljihun nan, Elfrieda, ni na yaga shi."
Na ce, "Na sani.
Shi ya hana a ɗinke."

Ya tsaya kamar zai ƙara wata magana,
sai ya sa hularsa ya fita.

Gida babu komai sai guntayen zare a kan darduma
da akwati mai ƙamshin katako.
Rediyo ya ce daren yau talatin ne ƙasa da sifili.
Ta tagar kicin ina hango fitilar Isbrand hayin shingen,
wadda takan kai tsakar dare tana ci.

Yau tun ƙarfe tara aka kashe ta.