Murfin Kwalba a Bakin Gada

Duk Asabar, bayan isha'i,
Sidi kan sauke ƙofar shagonsa a Kakuri,
ya ture ƙyallayen atamfa gefe,
teburin yanka ya zama wata ƙasa.

Taswirarmu bayan tsohuwar kalanda ce,
ta shekarar da masaƙa ta sallami babansa.
Jan biro ya zana duwatsu, shuɗi ya ja kogi.
Inda shayi ya taɓa zuba muka ce tafki ne,
muka cika shi da kadoji,
tunda dai mu 'yan Kaduna ne.

Habila daga Sabon Tasha yake tsallako ruwa.
Da rana malamin lissafi,
a nan ɓarawo ne mai buɗe kwaɗo da allura.
Ladidi takan zo da warin asibiti a hannunta,
ta rataya kwari da baka.
Ni da nake wuni ina ƙirga kuɗin wasu ta bayan gilashi,
maƙeri ne, gurgu, mai saurin fushi,
kuma akwai ranakun da na fi son sa da kaina.

Sidi ke jan zaren labari.
Sai ya rage murya:
"Kun iso bakin kogo. A ciki ana tari.
Me za ku yi?"

Me za ku yi.
Kwana shida ba wanda ya tambaye ni haka.
A ofis umarni, a gida lissafin cefane,
a titi ɗan sahu ya zage ni ya wuce.

Sai ɗan lidon nan mai fuska ashirin
ya gangara tsakanin almakashi da alli.
In ya ba da ɗaya, ka faɗa rami ana dariya.
In ashirin ce, Ladidi ta rangaɗa guɗa
har mai shayin maƙwabta ya leƙo.

Kakata ma ta iya tatsuniya,
amma ƙarshen na kuncinta kamar goro,
sai ta ga dama ta tauna.
A nan ko Sidi bai san inda za mu kwana ba.
Ya taɓa shafe wata guda yana gina mana dodo,
muka je muka ƙulla cinikin gishiri da shi.

Matata ta ce, "Da furfurarku?"
Ɗana ya nuna min nasa a waya,
mai wuta da ƙara, ba ka jiran kowa.
Na ce, ai jiran ne, yaro.
Bai gane ba.

Akwai murfin kwalba mai tsatsa
da ba ma ɗagawa daga bakin gadar taswira.
Na Barau ne.
Daren ƙarshe ya ce, "Ku wuce, ni zan tsare gadar,
sai Asabar."
Ranar Talata hanyar Abuja ta riƙe shi.
Shekara uku ke nan.
Sidi ya liƙe murfin da gam,
duk sanda tafiya ta biyo da mu nan
yakan ce, "Mai gadi ya ɗaga muku hannu,"
mu ma mu ɗaga.

Makon jiya Raliya ta zo, 'yarsa,
da kayan makaranta da haƙoran babanta.
Ta zauna a kujerarsa ba sallama.
Ba ta taɓa murfin ba,
maɓalli ta zaɓa daga gwangwanin Sidi, kore,
ta ce ita mai kwale-kwale ce.

Aka ɗauke wuta, muka kunna fitilun waya.
Sidi ya yi gyaran murya sau biyu.
"Kina kan kogi. Me za ki yi?"
Ta ce, "Zan tuƙa zuwa gadar can."

Ta jefa.
Ɗan lidon ya yi tsalle, ya sauka ƙasa,
ya shige ƙarƙashin keken ɗinki.
Ga mu nan, manya huɗu a durƙushe,
muna haska ƙura da guntayen zare,
kowa na cewa kada a taɓa,
a bari mu ga me ya bayar.